Kiwon Dangin Karfasa Cikin Akwatin Gilashi

A wannan mako za mu bar gona da garke mu shiga ɗaki, mu yi magana a kan wani irin kiwo wanda ba ya bukatar fili, watau kiwon kifin ado cikin akwatin gilashi. Duk mai shiga manyan garuruwa ya sha ganin irin wannan akwati a otal-otal da ofisoshi da gidajen attajirai, ga ƙananan kifaye, shuɗi da rawaya da ja, suna kai da kawowa. Mutane da yawa su kan gani su yi sha'awa, su sayi akwati da kifi rana ɗaya, su cika shi da ruwan famfo, su juye kifin a ciki. Kafin mako biyu kifi ya mutu, kuɗi sun tafi, sai ka ji ana cewa ai kifin Turawa ne, ba ya son ƙasarmu. Alhali kuwa da yawa daga cikin kifayen nan 'yan Afirka ne, kuma dangin karfasa ne wadda mu ke ci kullum. Abin da ya kashe su shi ne ruwan da ba a shirya ba. Don haka abin da mu ke so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, a wannan sana'a ruwa a ke fara reno, sa'an nan kifi ya biyo baya.

Asalinsu Da Halinsu

Masana sun tara karfasa da gargaza da 'yan'uwansu cikin zuriya ɗaya wadda su ke kira sikilid. Karfasar da masunta ke kamawa a Tafkin Chadi da Kogin Kwara da Binuwai tana cikinsu. Amma inda zuriyar nan ta fi yawa shi ne manyan tafkuna uku na Gabashin Afirka. Tafkin Malawi, wanda ke tsakanin Malawi da Mozambik da Tanzaniya, yana da iri 700 ko fiye, kuma babu tafkin da ya kai shi yawan irin kifi a duniya. Tafkin Tanganyika, mai zurfin mita 1,470, yana da iri wajen 250. Na uku shi ne Tafkin Biktoriya, wanda za mu ba da labarinsa a ƙarshe. Mafi yawan waɗanda a ke sayarwa a kasuwa yanzu haifaffun gidajen kiwo ne, amma ba su bar halin kakanninsu ba.

Halin nan kuwa kashi uku ne. Na ɗaya, ruwan da su ka saba da shi mai ɗumi ne, mai tsabta, kuma irin ruwan nan ne wanda sabulu ba ya saurin kumfa a cikinsa, mai barin farin ɓawo a gindin tukunya. Akwai ma'auni da a ke kira pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da ita tsami, sama da ita kanwa. Ruwan Malawi yana tsakanin 7.7 da 8.6, na Tanganyika ma ya ɗan fi haka. Na biyu, namiji ya kan kama wuri ya ce nasa ne, ya kori duk wanda ya matso. Na uku, a yawancin na Malawi mace ce ke ɗaukar ƙwai a bakinta har su ƙyanƙyashe, kamar yadda karfasarmu ke yi. Duk shirin da za mu bayyana a ƙasa daga halayen nan uku ya fito.

Akwati Da Mazauninsa

Kada ka sayi ƙaramin akwati ko zagayayyar kwalba don araha. Kifin da ke faɗa yana bukatar wurin gudu, kuma ruwa kaɗan ya fi saurin ɓaci. Akwatin da ya dace da mai farawa shi ne mai tsawon ƙafa 4, watau santimita 120, faɗi 45, tsayi 45. In kana son sanin ruwan da akwati zai ci, ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, ka raba da 1,000, abin da ya fito lita ke nan. Wannan namu zai ci lita 243, garwa 13 da rabi ke nan. Tsawo ya fi tsayi amfani, domin a ƙasa kifin ke raba gidaje.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ka haɗa ruwa da gilashi da duwatsu, nauyin zai wuce kilo 300, kamar buhun siminti 6. Teburin cin abinci ba zai ɗauka ba. Sa maƙeri ya yi maka mazauni na ƙarfe, ko magini ya gina maka dakali, kuma ya kasance lebur sosai, domin in gefe ɗaya ya fi tudu gilashin zai tsage. Shimfiɗa farin soson nan da a ke samu cikin kwalin firji tsakanin mazauni da akwati. In mai gilashi zai haɗa maka, ya yi da mai kaurin milimita 10, ya sa masa ɗauri a sama, kuma ya liƙe da gam ɗin silikon wanda ba a sa masa maganin hana fumfuna ba, don maganin nan dafi ne ga kifi. Ka cika shi da ruwa a tsakar gida ka bar shi kwana 2 ka ga ko yana yoyo kafin ka shigar da shi ɗaki. A ɗaki kuwa nemi wurin da rana ba ta bugawa, nesa da madafa, kusa da wurin sa wuta. Ka yi masa murfi, kifayen nan su kan yi tsalle.

Yashi Da Duwatsu

Fara jera duwatsu a gindin akwati tukuna, sa'an nan ka zuba yashi. Dalili shi ne kifayen nan maginan rami ne, su kan kwashi yashi da baki su tofar a wani wuri. In dutse yana bisa yashi za su haƙe ƙarƙashinsa ya gangaro ya fasa gilashi. Yashin rafi mai laushi ya isa, kaurin yatsa biyu ko uku, bayan an wanke shi har ruwan ya fita garau. Duwatsu kuwa a goge su da buroshi da ruwan zafi, ban da sabulu. A guji dutse mai tsatsa ko mai ƙyalli kamar ƙarfe. Ka jera su tuli biyu ko uku masu ramuka da lunguna da yawa, yadda kifin da a ka koro zai ɓace wa mai korarsa da gani. Ramuka su fi kifaye yawa. Shuke-shuken ruwa ba su cika daɗewa da su ba, su kan cinye ko su tumɓuke, don haka kada ka ɓata kuɗinka a kansu da farko.

In ka auna ruwan garinku ka ga ya karkata wajen tsami, ga dabara mai sauƙi. Masu kajin ƙwai sun san ɓawon kawa da dutsen farar ƙasa da a ke niƙawa cikin abincin kaji. Wanke su sosai ka gauraya da yashi, ko ka ɗaure cikin 'yar raga ka sa a matatar ruwa. Za su riƙa narkewa kaɗan-kaɗan suna gyara ruwan. In kana shakkar dutse, ɗiga masa ruwan lemun tsami, in ya yi kumfa na farar ƙasa ne. Amma fa farar ƙasar shafen bango daban ce, ita ƙone kifi za ta yi. Haka kuma kada ka ce za ka jefa kanwa, domin ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, kuma canjin ruwa farat ɗaya ya fi cutar kifi bisa ga ruwan da ya ɗan kasa amma ya tsaya wuri ɗaya.

Kayan Aiki

Abu huɗu ne tilas. Na farko matatar ruwa. A ƙasar da a ke yawan ɗauke wuta, wadda ta fi ita ce ta soso mai aiki da famfon iska, domin ba ta cin wuta da yawa, kuma batir ma ya kan tafiyar da ita. Sa guda biyu manya. In kana da hali ka ƙara da mai inji, wadda za ta juya ruwan akwatin duka sau 5 ko fiye cikin awa ɗaya. Na biyu famfon iska na batir ko na hasken rana, don ranar da babu wuta. Na uku ma'aunin zafi da hita mai kashe kanta, mai ƙarfin wat 200. Zafin da a ke so digiri 24 zuwa 28 ne. Na huɗu kayan awon ruwa, waɗanda a ke sayarwa 'yan kwalabe ko 'yan takardu masu sāke launi. Ban da waɗannan, ka keɓe bokiti biyu da tiyo da 'yar raga waɗanda ba a taɓa sa su a wanki ko feshin gona ba, kuma ka hana kowa taɓa su.

In ruwan famfo ne za ka yi aiki da shi, ka sani ma'aikatar ruwa ta kan sa masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa kulorin yana kashe kifi. Ka tara ruwan a buɗaɗɗen mazubi kwana ɗaya ko biyu da famfon iska a ciki, ko ka ɗiga masa maganin cire kulorin, wanda ya fi tabbas. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da kulorin, amma su kan fito da ƙarancin iskar shaƙa, don haka su ma a bar su su kwana. A guji ruwan kududdufi da ruwan da ya gangaro daga gonar da a ka yi wa feshi.

Renon Ruwa

Nan ne gindin maganar. Duk wanda ya shiga akurkin kaji da ba a share ba ya ji wani wari mai shiga ido. Wannan shi ne amoniya. Kifi ma yana fitar da ita ta wurin numfashinsa, kuma kashinsa da ragowar abinci suna ƙara ta. A tafki ruwa mai yawa ya kan tafi da ita, a akwati kuwa ba ta da wurin zuwa. Abin da ke ceton kifi wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin soso da yashi da duwatsu. Kashi ɗaya su kan juya amoniya ta zama naitirait, wanda shi ma dafi ne mai hana jinin kifi ɗaukar iska. Kashi na biyu su juya wannan ya zama naitiret, wanda ba ya cuta sai ya yi yawa, shi ne ma abin da shuka ke sha a taki. Manomi ya riga ya san wannan aiki, domin shi ne ke faruwa a ƙasa in ya zuba taki.

Sabon akwati ba shi da ƙwayoyin nan yadda za su isa, kuma su kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita. Ga wani abu kuma da ya sa dangin karfasa na tafkunan nan su ka fi shiga hatsari. Dafin amoniya yana ƙaruwa in ruwa ya karkata wajen kanwa. A pH 8 kashin da ke cutarwa ya kusa ninka na pH 7 sau goma. Watau ruwan da su ka fi so shi ne kuma wanda ba ya yafe ƙazanta.

Ga yadda za ka yi. Cika akwati, kunna matata da iska dare da rana, kada ka sa kifi ko ɗaya. Kowace rana ka jefa abincin kifi ɗan abin da yatsu biyu za su tsinta, ka bar shi ya ruɓe. Kowane kwana 3 ka auna. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, sa'an nan naitirait ya hau ya sauka. Ran da ka ga su biyun sun koma sifiri, naitiret kuma ya bayyana, ruwa ya nuna. Kwashe rabinsa ka sa sabo, sai kifi. In kana da aboki mai tsohon akwati wanda kifinsa ke da lafiya, roƙi tsohon sosonsa ka kawo shi cikin ruwa ka sa a naka, zai rage maka kwanaki, kamar yadda mai nono ke zuba tsohon kindirmo cikin sabuwar madara. Cikin makonnin nan ruwan ya kan yi fari-fari kamar an ɗiga madara, kada ka damu, zai washe da kansa. Kuma kada hasken ruwa ya ruɗe ka, amoniya ba ta da launi. Sannu ba ta hana zuwa.

Zaɓen Kifi

Zaɓi tafki ɗaya ka tsaya a kansa. Na Malawi waɗanda a ka fi samu su ne mbuna, sunan da mutanen bakin tafkin su ka ba kifin duwatsu. Tsawonsu santimita 8 zuwa 15, su ne masu launi, su ne kuma mafaɗata. Za mu ba da sunayensu na masana domin da su a ke rubuta takardun 'yan kasuwa. Masu sauƙin hali ga mai farawa su ne Labidochromis caeruleus, rawaya mai baƙin layi a fiffike, wanda 'yan kasuwa ke kira yalo lab, da Iodotropheus sprengerae mai launin tsatsa, da Pseudotropheus acei mai shuɗin jiki da rawayar wutsiya. Biyar-biyar daga ukun nan, 15 ke nan, sun isa akwatin da mu ka ambata. Ko kuwa ka sa iri ɗaya tak da a ke kira saulosi, guda 12, mazansa shuɗi matansa rawaya, ka sami launi biyu daga iri ɗaya. Amma Melanochromis auratus, mai layin zinariya da baƙi, ko da yake yana da kyau yana ƙarami, ka bar shi sai ka ƙware, namijinsa ya kan kashe abokan zama.

Ka'ida ita ce namiji ɗaya, mata 3 ko 4, don wahalar namiji ta rabu a kansu. Kada ka sa biyu ko uku kaɗai cikin babban akwati, mai ƙarfi zai tasa rarrauna gaba har ya mutu. In suna da ɗan yawa, faɗan ya kan watsu. Kada kuma ka haɗa iri biyu masu kama da juna, domin mazansu za su ɗauki juna kishiyoyi, kuma za su yi barbara a tsakaninsu su haifi gauraye wanda ba shi da daraja a kasuwa.

Mai ƙaramin wuri ya nemi Neolamprologus multifasciatus na Tanganyika, wanda bai wuce santimita 5 ba, mai zama da haihuwa cikin katantanwa. Akwatin lita 60 da yashi da katantanwa da yawa ya ishe su. Ƙasarmu ma tana da nata. Pelvicachromis pulcher, wanda a ke kira kiribensis, mai jan ciki, asalinsa rafukan kudancin Nijeriya ne da bakin tekun Kamaru, kuma an san shi a kasuwannin duniya. Shi ruwa mai taushi ya fi so, mace da namiji su ke renon 'ya'ya tare cikin rami, don haka a ba shi akwatinsa dabam. Tarwaɗa kuwa za ta haɗiye duk wanda ya shiga bakinta, karfasar ci kuma ta kan wuce ƙafa ɗaya ta fi ƙarfin akwatin.

A wurin saye ka tsaya ka duba. Ɗauki ƙanana masu santimita 4 ko 5, masu kuzari, masu rububin abinci. Ka bar wanda cikinsa ya lotsa ko ya kumbura, da mai matse fiffike, da mai fararen ɗigo kamar gishiri, da duk wanda ke akwati ɗaya da mushe. In ka iso gida ka ɗora ledar bisa ruwa minti 20 don zafinsu ya daidaita, ka riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan-kaɗan, sa'an nan ka kamo kifin da raga ka zubar da ruwan ledar. Zuba su kashi biyu ko uku, mako 2 tsakani, masu sauƙin hali da farko. Duk ran da za ka ƙara sababbi ka sāke jerin duwatsu ka kashe fitila, don tsofaffi su shagala da neman gida. Nan gaba kuma duk baƙon kifi ya yi mako 3 a wani mazubi dabam kafin ya shiga cikin jama'a.

Abinci Da Aikin Mako

A tafki mbuna gansakuka su ke kankara a jikin duwatsu, hanjinsu dogo ne irin na mai cin ganye. Ka nemi abincin da a ka yi da ganye da sifirulina. Kada ka ba su abincin tarwaɗa, wanda furotin ɗinsa ya kan kai kashi 40 cikin 100 ko fiye, ga maiƙo. Kada kuma ka ba su nama ko burodi ko tuwo. Abinci mai nauyi tare da ruwa mai datti su ke jawo cutar kumburin ciki, inda kifi zai daina ci, ya riƙa farin kashi kamar zare, kuma da wuya ya tashi. Ganyen alayyafo ko latas da a ka tsoma a ruwan zafi yana yi musu kyau, amma a tabbata ba a yi masa feshi ba. Ba su sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti ɗaya. Kullum za ka gan su kamar masu jin yunwa, kada ka biye musu, kuma ka gargaɗi yara.

Kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, kana bin saman yashi inda kashi ke taruwa, ka mayar da ruwan da ya kwana. Ruwan da ka cire kai shi gindin tumatir ko zogale, taki ne. Soson matata kuwa matse shi cikin wannan tsohon ruwa. In ka wanke shi a famfo ko da sabulu, ka kashe ƙwayoyin da ka yi mako 6 kana reno. Kada ka taɓa juye akwati duka don wanki. Kafin ka sa hannu a ruwa ka cire hita daga wuta.

Hunturu Da Bazara

Cikin Disamba da Janairu dare ya kan yi sanyi ƙasa da digiri 15 a Kano da Jos. In ruwa ya sauka ƙasa da 20 kifi ya kan daina ci, cutar fararen ɗigo ta kama shi. Kunna hita, in babu wuta ka lulluɓe akwati da bargo da dare. In ɗigon ya bayyana, ɗaga zafi sannu-sannu zuwa 29 ka sa maganinsa yadda a ka rubuta a kwalba. Da bazara kuwa, sa'ad da zafi ke wuce 40 a Sakkwato da Maiduguri, ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. In ka ga kifi a sama suna haki, ɗaga murfi ka sa raga a madadinsa, ka juya fanka bisa ruwa, ka ƙara iska, ka rage abinci. In an ɗauke wuta ta daɗe, kunna famfon batir ka daina ba da abinci. Lafiyayyen kifi ya kan yi kwana 3 bai ci ba babu abin da zai same shi, amma ba ya jure rashin iska. Maganin sauro na feshi da na hayaƙi dafi ne mai ƙarfi ga kifi. In tilas ne a fesa, kashe famfon iska, rufe akwati ruf, sai ɗakin ya sha iska ka buɗe.

Haihuwa Da Ciniki

In ruwa ya yi daɗi za su haihu ba tare da ka roƙe su ba. Za ka ga mace ta daina ci, maƙogwaronta ya kumbura. Ƙwai ne a bakinta, za ta riƙe su wajen mako 3. Yalo lab ta kan fitar da 'ya'ya 10 zuwa 30. In kana son su rayu, ka mayar da ita ƙaramin akwati mai tsohon soso a mako na uku, in ta tofar da su ka bar ta ta ci ta murmure kafin ta koma. 'Ya'yan a ba su abinci niƙaƙƙe. Cikin 'yan watanni za su kai girman sayarwa. Ɗan kasuwar da ke son suna a wannan harka ya riƙe iri tsantsa, ya kuma gaya wa mai saye gaskiya game da renon ruwa, domin wanda kifinsa ya rayu shi ke dawowa.

Abu na ƙarshe, in kifi ya yi maka yawa ka sayar ko ka bayar, kada ka sake shi a rafi ko dam. Tafkin Biktoriya ya taɓa samun dangin karfasa iri wajen 500. Cikin shekarun 1950 a ka zuba masa giwan ruwa, wannan da mu ka sani a kogunanmu, don a ƙara kamu. Zuwa shekarun 1980 ya cika tafkin, kuma masana sun ƙiyasta iri wajen 200 sun ɓace, tsakanin cinsa da gurɓacewar ruwa. Baƙon kifi in ya shiga ruwa ba ya fita.

Wanda ya iya riƙe akwati shekara guda kifinsa bai mutu ba, ya koyi awon ruwa da ƙayyade abinci da gane kifi marar lafiya, kuma da idonsa ya gani ta cikin gilashi. Ilmin nan shi ne dai a ke bukata a kududdufin karfasa da tankin tarwaɗa, inda asarar ta fi girma. Mako mai zuwa za mu yi magana a kan haƙa kududdufin.